Zurmi da Hanyar Ayari

Duk wanda zai yi nazarin tarihin Zurmi, wajibi ne ya fara da Dutsi, tsohon garin nan da ke cikin ƙasarta. Can ne Zamfarawa suke cewa sarautarsu ta tsiro, tun daga Dakka, kuma har yau ana nuna wasu dogayen kaburbura da ake dangantawa da sarakunan farko. Daga baya sarauta ta koma Birnin Zamfara, har Sarkin Gobir Babari ya ci birnin a tsakiyar ƙarni na 18, ya kafa Alƙalawa. Watau ke nan lokacin da jihadi ya tashi a 1804, Zamfarawa a warwatse suke.

A cikin wannan hali ne Fulani Alibawa suka yi fice. Namoda, wanda garin Ƙaura yake amsa sunansa, shi ya jagoranci rundunar da ta karya Gobirawa da mataimakansu a Fafara, kusa da Zurmi, a 1806, shekara biyu kafin faɗuwar Alƙalawa. Ɗan'uwansa cikin Alibawa, Abu Hamidu, gidansa ne ya riƙe Zurmi da laƙabin Sarkin Zamfara. Abin lura a nan shi ne, tsohon laƙabin bai mutu ba, gida kawai ya sake, har ma ya zama ana amsa shi a wuri fiye da ɗaya, domin zuriyar tsofaffin sarakuna sun ci gaba da riƙe nasu a Anka.

Amma abin da ya raya garin, hanya ce. Ayarin da ya taso daga Katsina zuwa Wurno da Sakkwato, a Zurmi yake yada zango, ya huta, ya yi guzuri, ya jira 'yan rakiya, saboda a gaba akwai dajin Gundumi mai ƙarancin ruwa, ga kuma mahayan Gobir da na Maraɗi suna kai farmaki. Zuwan ayari kuwa kasuwa ce ga kowace unguwa: masu fura, da masu ciyawa, da maƙera, da fatoman da ke saukar da baƙi a zaurukansu. Baturen Ingila Clapperton ya ratsa garin a 1824, ya rubuta cewa mafaka ce ta bayin da suka gudu, ya kuma zargi mutanensa da sata. Hukuncin baƙo ne mai tsoron kayansa, bai kamata a ɗauke shi dungum ba. Amma ya nuna gari ne mai haɗa jama'a iri-iri. Barth, Bajamushe, da ya biyo a 1853, ya tarar da babban gari mai fama da hare-haren arewa.

Da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga da fatu suka juya can, Ƙaura ta bunƙasa, Zurmi ta dogara ga noma da kiwo da hanyar mota mai zuwa Jibiya ta Gurbin Ɓore. Wannan hanya ce gwamnatin Katsina ta rufe a 2021 saboda 'yan bindiga, a shekarar da gwamnatin Zamfara ta dakatar da kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya a jihar baki ɗaya.