In Kunne Ya Ji: Tarihin Shela da Gargaɗi a Ƙasar Bagudo

Barkanmu da sake ganin ranar zagayowar shekarar ƙungiyarmu. Lissafin adashi da yawan buhunan gumin da muka sayar yana shafin ma'aji. Mu a nan wata al'ada tamu za mu waiwaya. Duk ranar taro, kafin a buɗe akwatin kuɗi, sai an yi "labarin unguwa", kowace ta faɗi abin da ta ji da abin da ya kamata a kiyaye. Sabbin shiga kan tambaya, "Wai mi yak kawo wanga zance cikin sha'anin kuɗɗi?" Amsar tana da tsawo, don ta girmi ƙungiyar, ta girmi kakanninmu ma.

Zamanin fatake da mai ganga

Ƙasarmu mashiga ce tun asali. Kusa da Lolo ne Kwara, wato Kogin Neja, ke shigowa Nijeriya, ta gangara ta wuce ƙasar Illo ta nufi Yawuri. A ƙarni na 19, ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro kan ƙetare ruwan nan, su bi ta Kandi da Jugu har su isa Salaga. Tafiya ce ta watanni. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya. In an sauka zango, kafin a kwance kayan jakuna, tambaya ake fara yi: wace hanya ce 'yan fashi suka tare, wace rijiya ce ta ƙafe, wane gari ne agana ta shiga, wane sarki ne ya ƙara kuɗin fito. Madugun da ya raina labari, ayarinsa ne ke biyan kuɗin rainin. Su wa ke zaune bakin zango suna sayar da fura da tuwo suna jin wannan duka? Mata ne.

Cikin gari kuwa akwai mai shela. Saƙo kan taso daga uban ƙasa zuwa masu unguwanni, mai ganga ya zagaya da maraice: a ɗaure dabbobi an yi shuka, an ga wata, yaro ya ɓata, a kashe wuta kafin a kwanta don iskar hunturu. A bakin ruwa, maganar sarkin ruwa da Sarkawa ita ce doka. In suka ce yau ba a fito, to ba a fito.

Sai dai shela a titi ake yinta, mu kuwa muna cikin gida. Abin da ya tsallako katanga rabi ne. Sauran rabin 'yan mata masu talla ne ke shigo da shi, da mai kitso, da dillaliya, da ungozoma wadda babu zauren da ke tare ta. Wannan hanya ta mata ba ta rasa asali ba. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru: jaji, dattijuwa amintacciya, ta zo ta ɗauki karatu ta koma ƙauye ta isar wa matan da ba su iya fitowa. Darasin da muka ɗauka a nan shi ne, saƙo ba ya isa ɗakin mace sai an sa wadda aka yarda da ita ta kai shi.

Layin da aka ja a Faris

A watan Yuni na 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Faris, suka raba ƙasar Bargu biyu. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila, daga baya aka sa Illo ƙarƙashin masarautar Gwandu. Can ɗin aka kira shi Dahomey, sai a 1975 ya koma Benin. Ba a tambayi kowa ba a Tsamiya ko Segbana. Shi ya sa har gobe za ki ga inna a nan, ɗiya a can, lalitarmu da naira da sefa, kasuwarmu da Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci da harshen Kyangawa da na Bokawa.

Abin lura, ruwa bai san wannan layi ba. Cuta ba ta san shi ba, ɓarawo ma bai tsaya a shingen kwastan ya gaisa ba. Don haka labarin da ke tsare mu, sau da yawa daga ƙetaren iyaka yake fitowa.

Rediyo da waya

Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962. Akwatin rediyo shi ne mai shela na farko da ya shigo har tsakar gida ba tare da sallama ba. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta 1991, labarin gwamnati ya ƙara matsowa kusa. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ta ɗauki shekaru kafin ta iso ƙauyukanmu, amma da ta iso sai kowa ya zama mai shela.

Nan gizo ke saƙa. Mai ganga an san fuskarsa, an san wanda ya aiko shi, in ya yi ƙarya gobe a tare shi. Saƙon waya ba shi da uba. Wa ta manta da daren nan na Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka yi ta bugo waya ana cewa a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a sha? Da yawanmu munka yi, har da jarirai. A wasu jihohi an kwantar da mutane asibiti, an rasa rayuka, alhali babu likitan da ya faɗi haka. Tun a Suratul Hujurat aka umurce mu da bincike kafin mu ɗauki labari, amma a daren nan tsoro ya riga hankali tashi.

Shekaru uku masu nauyi

A Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. A Nuwamba aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mai ya yi tsada, jarkoki suka shigo cikin gidaje, wasu har ƙarƙashin gado, ga murhu ga yara. An buɗe iyakoki 4 a Disambar 2020, ta Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Amma ɗabi'ar kwana da jarka ba ta fita gidajenmu ba har yau.

Sai daminar 2020. Masu noman fadama sun san Kwara sau biyu take cika: ruwan damina mai laka, da baƙin ruwa da ke isowa lokacin sanyi, wanda ya taso tun daga duwatsun Gini ya daɗe a fadamun Mali. A wannan shekara ruwan daminar ne ya wuce misali. A Yamai kogin ya kai kusan mita 7 a watan Satumba, abin da ba a taɓa aunawa ba kafin nan. A Jihar Kebbi an ƙiyasta shinkafar da ruwa ya ci da kimanin hekta 450,000, kuma Bagudo na cikin ƙananan hukumomin da abin ya shafa.

A nan ne namu laifin yake, kuma gara mu faɗe shi da bakinmu. Mun sayi shanshera da kuɗin ƙungiya, muka tara a wani ɗakin ƙasa da ke gangare don ya fi arha. Wata 'yar uwarmu tana da ƙanwa da ke aure a wajen Malanbil. Ƙanwar ta bugo ta ce ruwa ya shigo musu gida, ku yi shiri. Ita kuwa ta faɗa wa abokiyar zamanta, suka yi jaje, suka ci gaba da daka. Da muka tambaye ta daga baya, cewa ta yi, "Ni na aza zancen ruwa na maza ne, ba ni ƙara da shi ba." Ba ita kaɗai ba ce. Wasu sun ji a rediyo, wasu sun ji wajen masu jirgi, kowace ta riƙe guntunta. Babu inda aka haɗa guntayen nan wuri ɗaya. Da ruwa ya zo cikin dare, katangar ta zauna a kan buhunan. Damina biyu muka yi muna biyan wannan bashi, wasu suka sayar da awakinsu, wasu suka fita ƙungiyar da ɓacin rai. A taron farko bayan ruwa ya janye aka ce daga yau ba a taɓa akwati sai an ji labarin unguwa.

Ba mu gama farfaɗowa ba, ran 26 ga Mayu 2021 jirgin ruwa ya rabe a Kwara kusa da Warrah, a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutane sama da 150. Kaɗan aka ceto. Cikin waɗanda suka rasu akwai mata da yara masu neman abinci irinmu. Ruwan nan dai shi ne muke ƙetarewa ranar kasuwa.

Inda muke yau

Yanzu kuma ga matsalar tsaro. Harin da 'yan Lakurawa suka kai Mera, a ƙaramar hukumar Augie, a Nuwamban 2024, ya nuna mana abin ba labarin nesa ba ne. Ga sanƙarau da ya yi kisa a Gwandu da Jega da Aliero a farkon 2025. Saboda haka bari mu maimaita abin da muke tuna wa juna kowane taro:

1. In 'yar uwa ta bugo daga Gaya ko Malanbil ta ce ruwa ya hau, kada ki jira ranar taro. Ki sanar da wakiliyar unguwarku nan take. Ruwan da ke can yana hanyarmu.

2. Kada ki shiga jirgin da ya cika, ko da kasuwa za ta watse. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare. Inda akwai rigar kariya daga nutsewa, ki sa, ki sa wa ɗanki.

3. Fetur ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutane. Ki yi wa maigida magana da lalama, in ya ƙi, a sa babba ya yi masa.

4. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko amai da gudawa, asibiti ake nufa a ranar. Ba a jiran gobe.

5. Baƙon da ba a san mai masaukinsa ba, ko mai yawan tambayar gidan wane da garken wane, mai unguwa ake gaya wa a asirce. Ba a WhatsApp ba, ba a bakin rijiya ba.

6. Kafin ki tura saƙo, ki tambayi kanki: wa ya gani da idonsa? In babu ganau, ya tsaya a wayarki.

Akwai kuma abin da ba mu yarda da shi ba a labarin unguwa, wato a ɗora wa ƙabila laifi. Fulanin da ke kawo mana nono, da 'yan uwanmu na ƙetaren iyaka, su ne sau da yawa ke fara ganin abin da ke motsi a daji. In muka kore su da zargi, kunnenmu muka toshe da hannunmu.

Ga 'yan matanmu masu karatu, aiki ya zo kanku. Tsofaffinmu da yawa ba su karanta saƙon waya. Ku karanta musu, ku karanta musu wannan shafin ma, ku kuma tambaye su yadda ake gane ruwa zai hau tun kafin a sami rediyo. Suna da sani, kuma ba su da mai rubutawa sai ku.

Allah Ya jiƙan 'yan ƙungiya da suka riga mu gidan gaskiya, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana gari da daji da ruwa, Ya maimaita mana baɗi da lafiya. Amin.