Zaɓen Majalisar Wakilai a Indiya: Darasin 1977

Lokacin da Indiya ta shirya zaɓenta na farko na Majalisar Wakilai, watau Lok Sabha, a 1951 zuwa 1952, mutane da dama sun yi shakkar za a kai labari, domin galibin masu jefa ƙuri'a ba su iya karatu ba. Sai hukumar zaɓe ta ba kowace jam'iyya alama, aka ajiye wa kowane ɗan takara akwatinsa. Jam'iyyar Congress ta Nehru ta sami kujeru 364 daga cikin 489.

Amma zakaran gwajin dafi shi ne zaɓen 1977. A 1975 Firayim Minista Indira Gandhi ta kafa dokar-ta-ɓaci, ta tsare 'yan hamayya, ta rufe bakin jaridu. Da ta kira zaɓe, sai talakawa suka juya mata baya. Congress ta tashi da kujeru 154, ita kanta ta faɗi a mazaɓarta, Morarji Desai na jam'iyyar Janata ya kafa gwamnati. Da Janata ta wargaje, suka maido ta a 1980.

Wannan ya nuna cewa rashin karatu bai hana talakan Indiya tantance shugabanninsa ba.