Jinyar Sauƙaƙa Raɗaɗi

Jinyar sauƙaƙa raɗaɗi kulawa ce da ake bai wa wanda cutarsa ta yi nisa har ta gagari magani, kamar ciwon daji da ya bazu ko ƙodar da ta daina aiki. Manufarta rage zogi, amai, sarƙewar numfashi da fargaba, tare da tallafa wa iyali.

Cicely Saunders ce ta kafa tsarinta na zamani da ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai uku na maganin zogi: daga irin su farasitamol har zuwa mofin.

A Baure, ƙaramar hukuma a masarautar Daura da ke iyaka da Nijar, galibin wannan jinya a gida ake yin ta. Mata da 'ya'ya ke dama kunu, su juya majinyaci kada kwanciya ta yi masa gyambo, 'yan dubiya na shigowa da addu'a. Inda gizo ke saƙar shi ne mofin: doka ta tsaurara sarrafa shi, sai a manyan asibitoci irin na koyarwa da ke Shika, kusa da Zariya.