Sunayen Watanni A Harshen Ibrananci Da Yadda Ake Lissafa Su

Ɗalibin da ya saba duba jaridun Larabci na Siriya, Lebanon ko Iraƙi ya riga ya san fiye da rabin sunayen watannin Ibrananci. A can ba a cewa Afrilu ko Yuli, Nisan ake cewa da Tammuz. Da waɗannan sunaye Yahudawa suke kiran watanninsu, domin duka daga tushe ɗaya suka fito, wato tsohuwar kalandar Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau.

Watannin goma sha biyu ne. Na farko shi ne Nisan, wanda ke faɗowa tsakanin Maris da Afrilu. Sai Iyar, Siwan, Tammuz, Ab da Elul. Daga nan sai Tishri, Heshwan, Kislew, Tebet, Shebat, sannan Adar ya rufe. A bakin masu Ibrananci na yau, "w" da "b" ɗin da ke cikin Siwan, Ab, Heshwan, Kislew, Tebet da Shebat ana furta su ne da sautin "v", wanda babu shi a Hausa.

Hanya mafi sauƙi ta haddace su ita ce a jera su gefe da na Larabcin Sham. Takwas sun yi daidai: Nisan, Iyar da Ayyar, Tammuz, Ab, Elul da Ailul, Tishri da Tishrin, Shebat da Shubaɗ, Adar da Azar. Huɗu kawai za su ba ɗalibi aiki. Inda Larabawa ke da Haziran, Yahudawa na da Siwan. Tishrin na biyu shi ne Heshwan, Kanun na farko da na biyu kuwa su ne Kislew da Tebet.

Bani Isra'ila ba da waɗannan sunaye suka fara ba. A da, yawanci lamba suke kira, wata na ɗaya, wata na bakwai, tare da wasu tsofaffin sunaye kamar Abib, Ziw, Etanim da Bul. Bayan da Sarki Nebukadnezzar, wanda littattafan tarihin Musulunci ke kira Bukhtanassar, ya rushe Baitul Maƙdis wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya kwashe su zuwa Babila, sai suka komo da sunayen watannin can. Tammuz ma asalinsa sunan wani abin bautar Babilawa ne.

Amma a kula, kamancin suna ba ya nufin kwanakin ɗaya ne. Nisan na Sham watan rana ne, Afrilu ke nan sak. Nisan na Ibrananci kuwa da sabon wata yake kamawa, kwana 29 ko 30 kowane wata, kuma yini yana farawa daga faɗuwar rana, kamar dai lissafin Hijira. Shi ya sa farkon watansu da namu ba su cika rabuwa da fiye da kwana ɗaya ko biyu ba. Sai dai su yanzu ba duban wata suke yi ba, lissafi ne tsayayye da suka daɗe a kansa.

Babban bambancin yana wajen shekara. Shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, abin da ke sa azumin Ramadan zagayawa, ya zo da zafi, ya zo da damina, ya zo da hunturu. Musulmi ba su ƙara wata, goma sha biyun nan ne kamar yadda ya zo a Suratut Tauba. Yahudawa kuwa suna so idin Fesah, wanda suke tuna fitowarsu daga Masar tare da Annabi Musa (AS) a 15 ga Nisan, ya riƙa zuwa a lokacinsa na shekara. Saboda haka sau 7 a cikin kowace shekara 19 sukan ƙara wata guda, a samu Adar na ɗaya da Adar na biyu. Shekara mai wata 12 tana da kwana 353 zuwa 355, mai 13 kuwa 383 zuwa 385.

Wani abin da ke rikita mai koyo shi ne, ko da yake Nisan ne wata na ɗaya a jeri, ba a cikinsa lambar shekara ke sauyawa ba. Sai 1 ga Tishri, wata na bakwai, ranar da suke kira Rosh Hashana. A 10 ga watan ne suke babban azuminsu, Yom Kippur. Shekararsu ta 5786 ta shigo ne da faɗuwar ranar 22 ga Satumba, 2025, a kwanakin da Musulmi ke shiga Rabi'us Sani na 1447.