Tarihin Gwajin Haɗuwar Waya a Kayan Lantarki

Gwajin haɗuwar waya jarrabawa ce da ake yi wa na'urar lantarki kafin ta shiga kasuwa, inda ake haɗa wayoyinta da gangan don a ga ko za ta mutu salin-alin ko za ta kama da wuta. Waya kan haɗu ne idan lantarki ya sami gajeriyar hanyar komawa ba tare da ya bi ta cikin abin da zai yi wa aiki ba. Sai ya kwararo fiye da kima, waya ta ɗau zafi, robar jikinta ta narke, abin da ke kusa ya kama.

Maganin farko shi ne fis, siririyar wayar da ke tsinkewa kafin sauran su ƙone. Thomas Edison ya yi rajistar irin nasa a 1890, kuma a 1924 Hugo Stotz na Jamus ya yi rajistar ƙaramar bireka mai faɗuwa da kanta. Amma ba maƙera ne suka fara matsa wa a yi gwaji ba, kamfanonin inshora ne, don su ke biyan asarar gobara. Bayan baje kolin duniya na Chicago a 1893, wanda aka ƙawata da fitilu masu ɗimbin yawa, William Henry Merrill ya buɗe ɗakin gwaji a 1894, wanda ya zama Underwriters Laboratories. A 1906 aka kafa hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki na duniya a Landan, da Lord Kelvin a matsayin shugabanta na farko. Yanzu hedikwatarta na Geneva.

Ƙa'idar IEC 65 ta 1952 ta shafi rediyo da dangoginsa, IEC 950 ta 1986 kuma kwamfuta da kayan ofis. Da wayar hannu ta haɗa aikin rediyo da na kwamfuta a wuri guda, sai aka fito da IEC 62368-1 a 2010, wadda ta maye gurbin biyun a Turai da Amurka a Disamba 2020.

Yadda ake gwajin abin sha'awa ne. Injiniya kan buɗe caja, ya ɗora ta a kan katako da aka shimfiɗa wa takarda mai laushi, ya lulluɓe ta da ƙyallen auduga shara-shara. Sai ya zaɓi ɓangare ɗaya tak a cikinta, ya haɗa ƙafafunsa biyu da waya, ya ba ta wuta, ya zuba ido. Ba laifi idan cajar ta lalace; ba a nemi ta rayu ba. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ƙyallen ya kama, ko narkakken ƙarfe ya ɗigo, ko bakin da ke shiga wayar mutum ya ɗauko wutar bango. Sai a ɗauko wata sabuwa, a haɗa wani ɓangaren, har a zagaye duk inda ake tsoro.

Batirin litiyam yana da nasa gwajin. A gwajin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 38.3, wanda ake nema kafin a yi jigilar batir, ana ɗumama shi zuwa kusan digiri 57, a haɗa bakinsa biyu. Dole zafin jikinsa kada ya wuce digiri 170, kuma kada ya fashe ko ya kama har awa 6 bayan gwajin. Duk da haka haɗuwar da ke faruwa can cikin batir ta fi wuyar ganowa. Ita ta sa aka janye miliyoyin batiran Sony a 2006, da wayar Galaxy Note 7 ta Samsung a 2016.

A Najeriya, hukumar kula da ingancin kaya ta SON da aka kafa a 1971 ce ke riƙe da wannan amana. Tun 2005 shirinta na SONCAP ya wajabta wa mai shigo da kayan lantarki ya nuna shaidar an gwada su kafin a yi lodinsu. Duba haɗin wutar gine-gine kuma aikin hukumar NEMSA ne, wadda dokarta ta fito a 2015.

Ƙananan hukumomi irin su Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna can ƙarshen doguwar hanyar da kayan ke bi. Caja da fitila da batirin sola kan zo musu galibi daga kasuwannin Kano da Funtuwa, bayan sun bi hannu da yawa, kuma tambarin da ke jikin kwali kowa na iya buga shi. Inda wutar kamfanin rarraba lantarki na KEDCO ba ta kai ba ko ba ta zama, shagon caji ne madogara: janareta ɗaya, katako cike da soket, wayoyi jere kowace da lambarta. Yadda jama'a suka dogara da su ya fito fili a Satumba 2021, lokacin da gwamnatin gwamnan wancan lokacin, Aminu Bello Masari, ta hana sana'ar cajin waya a ƙananan hukumomi da dama, har da waɗannan ukun, saboda matsalar tsaro.

A nan ne ƙa'idar ke da iyaka. An gina ta a kan lalacewar abu ɗaya a na'urar da take yadda maƙerinta ya haɗa ta. A shago kuwa abubuwa kan taru: wutar janareta mai hawa da sauka, ƙurar hunturu a cikin soket, da zafin bazara. Mafi muni, filogi mai ƙafa uku da muka gada daga Ingila, wanda aka tsara a 1947, yana da fis a cikinsa da bai wuce amfiya 13 ba. Idan ya tsinke, da yawa sukan naɗa silin waya mai kauri a gurbinsa, ko su yanke filogin su cusa tsirarar waya a soket su danne da tsinken ashana. Batirin sola da aka jona da inbata babu fis a tsakani ya fi wannan haɗari, domin idan bakinsa biyu suka haɗu yana iya turo ɗaruruwan amfiya nan take, kuma babu makunnin da za a kashe a tsayar da shi.