Daga Yadin En'e Zuwa Gadar Sama: Aikin Gari a Kano Yadda Na San Shi

Aikin gari a Kano ya girmi Bature, ya girmi taswira. Ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, wadda Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa a ƙarni na 15, ba ƙarfin ƙasar gini kaɗai ya tsayar da ita ɗaruruwan shekaru ba. Komawa kanta aka riƙa yi. In damina ta ɗauke sai a yi gayya, kowane ɓangare ya san rabonsa, a yaɓe inda ruwa ya zaizaye. Ƙasar yaɓen da ta ginin gidaje kuwa daga kududdufi ake haƙo ta, shi kuma kududdufin ya zama matarar ruwan sama: ya riƙe ruwan unguwa, ya sake shi a hankali zuwa rafin Jakara. Ba wanda ya zana wannan a takarda, amma tsari ne cikakke, kuma mu da muka yi karatun injiniya mun daɗe kafin mu ba shi girman da ya cancanta.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911, sai garin ya rabu gida-gida: Birni, Fagge, Sabon Gari, sai Nasarawa da Bompai inda Turawa suka zauna, da fili mai faɗin yadi 440 da dokarsu ta ce a bari babu gini tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa. Aiki ma ya rabu. Gwamnati tana da sashen ayyukanta, En'e tana da nata, da yadinta, da maginanta da kafintocinta da leburorinta. Har yau in ka auna faɗin titi da zurfin lambatu a Nasarawa, ka je ka auna a Fagge, za ka ga wannan rabon bai gama mutuwa ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wancan zamani shi ne aikin ruwa da lantarki na farkon shekarun 1930, lokacin Sarki Abdullahi Bayero. Ba Legas ce ta biya ba, ba Kaduna ba. Baitulmalin En'en Kano ne, wato harajin talaka da jangalin Bafillace. Aka kafa injuna a Challawa wajen Panshekara, aka tura ruwa zuwa tankunan da ke kan Goron Dutse, daga nan ya gangaro gari da nauyin kansa. Duk wanda ya zaɓi dutsen nan ya san aikinsa, domin ruwan da ke gangarowa ba ya jiran wuta. Amma ba dabarar injiniya kaɗai nake yabo ba. Wanda ya tara kuɗin, da wanda ya yi aikin, da wanda za a kai wa ƙara in famfo ya ƙafe, duk suna cikin gari ɗaya, kusan a farfajiya ɗaya. Ban ce En'e ba ta da zalunci ba. An yi aikin tilas, an ci zarafin mutane wajen karɓar haraji, dattawa ba su manta ba. Sai dai in bututu ya fashe an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. A 1951 lantarki ya koma hannun hukumar ƙasa ta ECN, wadda daga baya ta zama NEPA, kuma tun daga nan injin ruwan Kano ya fara dogara da wutar da Kano ba ta da iko a kanta.

Babban kundin da muka taso muka tarar ana rantsuwa da shi a ofis shi ne tsarin Trevallion, na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Ya tanadi inda manyan hanyoyi za su bi, inda masana'antu za su zauna, inda gari zai miƙe. Aiki ne mai kyau, na karanta shi ciki da waje. An zana shi ne ga garin da mutanensa ba su wuce dubu ɗari uku da ɗoriya ba. Ƙidayar 2006 ta sami sama da miliyan 2.8 a ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni. Wa'adin kundin ya cika a 1983, gari bai tsaya ya jira magajinsa ba.

Zamanin Gwamna Audu Bako, bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, shi ne ganiyar aikin hannunmu. Bagauda, Tiga da aka gama a 1974, da jerin madatsun ruwa na ƙasa da suka biyo baya, da yawansu ma'aikatan jiha ne suka gina da katafilolin jiha, kuma daga wannan makarantar hukumar WRECA ta fito. Yaro ya gama kwaleji, a sa shi bayan gireda ya wuni cikin ƙura, ya koyi yadda ake daddale ƙasa sahu-sahu, ya san bambancin jar ƙasa da yumɓu da tafin hannunsa. Injiniyoyin da suka riƙe ruwan Kano da Jigawa shekaru talatin bayan haka, akasarinsu a can suka gogu.

Ni na shigo aiki a ƙarshen shekarun 1970, na riski wutsiyar wannan zamani. Malamina na gaskiya ba mai digiri ba ne. Wani hedima ne da ya fara lebura tun En'e, ba ya karanta boko sosai, amma ya san kowace kwalbati a shiyyarsa, ya san wadda ke toshewa da yashi da wadda ke toshewa da shara. Kowace ƙungiyar leburori tana da tsawon hanyar da aka ɗora mata. Tun watan Afrilu, kafin hadari ya fara haɗuwa, an fita yasar lambatu. Ramin da ya buɗe a kwalta ana cike shi tun bai kai faɗin faifai ba. Akwai littafin sito, akwai littafin aiki, kuma a kasafin kuɗi akwai layi na gyara wanda ba a taɓa shi don wani abu. Yakan ce mini, "Injiniya, titi ba mota ke kashe shi ba, ruwa ne. Ka ba ruwa hanyarsa, ya bar maka taka." Ban taɓa samun littafin da ya ƙaryata shi ba.

Abubuwa uku suka canza mana aiki, kuma ba rana ɗaya suka zo ba. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babin En'e, aka raba kayan aiki da mutane, ƙananan tituna da kwatoci da kasuwanni suka faɗa hannun majalisun da ba su gaji yadi ba. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, samun fuloti na hukuma ya zama doguwar tafiya, mai neman matsuguni kuwa ba zai kwana a titi yana jiran takarda ba. Sai ya nufi mai gona, aka ja igiya, aka yanka. Haka awon igiya ya gina Kurna da Rijiyar Lemo da Dorayi da Rimin Kebe da wasu unguwanni masu yawa. Ba na ganin laifin talakan da ya saya. Amma igiya ba ta barin wurin makaranta, ba ta barin hanyar ruwa, lungun da ta bari kuma motar kashe gobara ba ta shiga. Mukan iso bayan an gama gini, da jan fenti a hannu, alhali da mun riga su zuwa da safiyo da turaku, da ba a kai ga rusau ba.

Na ukun shi ne matsin tattalin arziki na SAP daga 1986. Naira ta faɗi, kayan gyaran katafila suka gagara, injuna suka kwanta a yadi ɗaya bayan ɗaya har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Aka daina ɗaukar leburori na dindindin. Komai ya koma kwangila. Kwangila ba haramun ba ce, akwai manyan ayyukan da sai da ita, amma ɗan kwangila yana gama aiki ya kwashe kayansa ya tafi, ba ya dawowa ya ga yadda titin ya kwana bayan damina uku. Kuma gyara ba shi da bikin buɗewa, don haka shi ake fara yankewa in kuɗi ya yi ƙaranci. Ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988, shekarar da ambaliya ta yi wa Kano ɓarna mai yawa, ta girgiza duk wanda ke wannan sana'a.

Hukumomi kuwa sai ƙaruwa suke: hukumar tsara birni ta zama KASEPPA, ta zama KNUPDA, shara tana da REMASAB, gyaran titi yana da KARMA, ruwa yana da hukumarsa. Kowace da mutanen kirki a ciki, na yi aiki kafaɗa da kafaɗa da wasunsu. Matsalar ita ce ƙarƙashin titi ɗaya ne, masu haƙa shi da yawa. Na sha ganin titin da muka shimfiɗa wa kwalta, ba a rufa shekara ba aka tsaga shi don bututu, aka sake tsagawa don wayar sadarwa, aka mayar da ƙasa ba a daddale ba, ruwan farko ya shiga ta nan.

Kududdufan kuwa an cike su da shara ɗaya bayan ɗaya, an yanka fuloti a kansu. Gaskiya ne sun zama matattarar sauro da ƙazanta, yara ma sun sha nutsewa a ciki. Amma wanda ya cike kududdufi bai rage ruwan sama ko ɗigo ba, wurin zamansa kawai ya ƙwace. Ruwan da ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya jiƙa atamfa da shadda na dukiya mai yawa, kuma 'yan kasuwar da kansu sun nuna gine-ginen da aka ɗora a kan magudanai.

Daga 2011 zuwa yau Kano ta ga gadojin sama da na ƙasa: Kofar Nasarawa, Gadon Ƙaya, Sabon Gari, Dangi, Hotoro. Wasu abokan aikina suna sukar su gaba ɗaya, ni ba na cikinsu. Wanda ya san cunkoson Kofar Nasarawa a da ya san an huta. Abin da ke hana ni barci shi ne gadar ƙasa rami ce, rayuwarta tana ga magudanarta, ko injin da zai zuƙe mata ruwa, gadar sama kuma tana da gaɓoɓin da sai ana duba su ana canzawa. Haka matatar Tamburawa da aka gina zamanin Malam Ibrahim Shekarau don ta ba da lita miliyan 150 a rana: ƙarfin yana nan a takarda, amma sai da wuta da alam da sinadarin tace ruwa da lafiyayyen bututu zai isa famfon gida. Inda bai isa ba, ɗan garuwa da burtsatse ne suka riƙe gari, kuma kowace burtsatse daga ruwan ƙasa ɗaya take sha da ta maƙwabcinta.

Matasan da ke ofis yanzu sun fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba. Suna da hoton tauraron ɗan'adam, hukumar KANGIS tana sa filaye a kwamfuta, abin da mukan kwashe mako muna awo su gama shi da hantsi. Sai dai tauraro ba ya ganin abin da ke binne. A ƙarƙashin lungunan Birni da Fagge akwai bututun ƙarfe na zamanin En'e, da na asbestos da aka sa daga baya, da bawul-bawul da kwalta ta rufe, kuma taswirar da yawansu tana cikin kan tsofaffin fitocin da suka yi ritaya. Wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu suna nan a Gwale da Dala da Kumbotso, ƙafarsu tana iya tafiya. Aikin kwashe wannan taswira daga kansu zuwa takarda ba mai tsada ba ne: mota ɗaya, matashin injiniya da na'urar GPS, da dattijo a kujerar gaba, a bi layi-layi yana nunawa ana rubutawa, a fara da babban bututun da ya sauko daga Goron Dutse.