Birki mai cajin batir da kuɗin inshora: Inda mai mota zai samu sauƙi

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin riƙe mota ya sauya a Najeriya. Ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Mararaba da sakatariyar tarayya a Abuja, da ɗan kasuwar da ke sammakon zuwa Kantin Kwari a Kano, duk sun koma ƙirga lita. Wata biyar kafin haka kuma, kuɗin inshorar wajibi ta motar gida ya ninka sau uku. Wannan ne ya sa hankalin mutane ya fara karkata ga motocin da ke haɗa fetur da lantarki, waɗanda ake kira haibirid, tare da zaton cewa duk wani kuɗin da ake kashe wa mota zai ragu da su. Kuɗin mai yana raguwa, kuma birkin motar na daga cikin dalilan hakan. Kuɗin inshora kuwa lissafinsa daban ne.

Yadda birkin yake aiki

Duk motar da ke tafiya tana ɗauke da ƙarfin da aka ƙona mai aka samar. A motar da aka saba da ita, idan direba ya taka birki, takalman birki suna matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, gogayyar ta tsayar da motar, ƙarfin kuma ya zama zafi ya bi iska. Wanda ya taɓa kai hannu kusa da taya bayan doguwar gangara ya san zafin nan. Kuɗin mai ne yake tashi a banza.

Ƙarfin ba kaɗan ba ne. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 60 a awa ɗaya tana ɗauke da abin da zai kunna ƙwan lantarki mai wat 10 na kusan awa shida. Idan gudun ya ninka zuwa 120, ƙarfin ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu ne, wato abin da zai riƙe ƙwan nan kusan kwana guda cur. Wannan lissafin shi ne kuma dalilin da ya sa haɗarin mai gudu yake fin muni.

Motar haibirid da motar lantarki zalla suna da injin lantarki da ke juya tayoyi. Asirin abin shi ne, injin lantarki da janareta abu ɗaya ne a ƙira. Idan aka ba shi wuta, sai ya juya. Idan wani abu ya juya shi, sai ya ba da wuta. Da direba ya ɗaga ƙafa daga totur ko ya taka birki a hankali, kwamfutar motar tana juya aikin: tayoyin da ke gudu su ne za su riƙa juya injin, injin ya samar da wuta, wutar ta shiga batir. Samar da wutar yana da nauyi, kuma nauyin nan shi ke rage gudun motar. Waɗanda suka hau keke mai dainamo a da za su tuna yadda feda ke ƙara nauyi da zarar an jingina dainamon a jikin taya don kunna fitila. Ka'idar ɗaya ce, girman aikin ne ya bambanta.

Dabarar ta daɗe a jiragen ƙasa masu lantarki kafin ta shigo ƙananan motoci. Toyota Prius, wadda aka fara sayarwa a Japan a ƙarshen 1997, ita ce ta yaɗa ta a tsakanin masu motocin gida, sannan a 2009 masu tseren Formula 1 suka fara amfani da irinta.

Ba duk ƙarfin ake kamawa ba. Wani yana salwanta a cikin wayoyi da batir, wani iska da gogayyar titi sun riga sun cinye shi. Birkin gogayya ma yana nan daram a motar, shi ke karɓar aiki idan an taka da ƙarfi cikin gaggawa, ko motar ta kusa tsayawa cak, ko batir ya cika ba shi da wurin zuba wata wuta. Na ƙarshen nan ya shafi mai gangarowa daga Jos ta Hawan Kibo: batirin haibirid ƙarami ne, yana iya cika tun kafin gangarar ta ƙare. Shi ya sa Prius take da giya mai alamar B, wadda ke sa injin fetur ya taimaka wajen riƙe motar don kada birki ya yi zafi.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa haibirid ta fi nuna amfaninta a cikin gari. A cunkoson Nyanya ko na titin Zariya a Kano, inda ake tafiya ana tsayawa, kowane rage gudu yana mayar da wani abu cikin batir. A doguwar hanya kamar Kaduna zuwa Abuja, inda ƙafa ke kan totur, bambancin yana raguwa. Hali ma yana da tasiri. Direban da ke barin tazara, yake fara rage gudu tun daga nesa, shi ke cin moriyar tsarin. Mai bin bayan motar gaba kamar jela, sai ya zo daf ya danna birki, takalmansa ne ke yawancin aikin, batir bai samu wani abin kirki ba.

Takalman birki suna daɗewa ba a canza su ba, amma wannan ba izinin mantawa da su ba ne. Rashin yawan aiki yana sa faifan ya yi tsatsa, musamman da damina, man birki kuma yana buƙatar canji a kan lokacinsa. A yawancin haibirid na Toyota, batirin yana ƙarƙashin kujerar baya ko bayanta, fanka ke sanyaya shi da iskar cikin mota. Ƙurar hunturu tana toshe kafar iskar, batir mai zafi kuma ba ya karɓar caji yadda ya kamata, ba ya yin ƙarko. Wayoyin nan masu ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ta haura bolt 200, ba na kowane bakanike ba ne.

Lissafin inshora

Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ita ke yanke farashin inshorar wajibi. Daga 1 ga Janairun 2023 ta mayar da na motar gida Naira 15,000 a shekara maimakon 5,000, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar da aka lalata wa wani daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babur 3,000 ne, A-daidaita-sahu 5,000, manyan motocin dakon kaya 100,000. Wannan inshora ba ta gyara motar mai ita. Tana biyan wanda aka yi wa ɓarna ne, a jikinsa ko dukiyarsa. Kuɗin ya haɗa da katin inshorar ƙasashen ECOWAS, abin da ya shafi masu tsallaka iyaka da mota zuwa Kwatano ko Accra.

A nan babu ciniki. Duk wanda ya miƙa wa mai mota takarda a kan Naira 5,000 a bakin ofishin sabunta takardu, to akwai alamar tambaya a kanta, domin kamfani mai lasisi ba zai sayar ƙasa da farashin hukuma ba. Takardar bogi tana iya wuce shingen bincike sau goma, amma ranar da aka bugi motar wani, mai ita ne zai biya daga aljihunsa. Ana tantance takarda a rumbun bayanan da ƙungiyar kamfanonin inshora ta kafa, ta shafin askniid.org, da lambar mota ko lambar takardar. Tun 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta sanar da tsaurara binciken wannan inshora a faɗin ƙasa.

Inda ake samun sauƙi shi ne cikakkiyar inshora, wadda ke biyan gyaran motar mai ita da sata da gobara. Hukumar ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar bayan duk wani rangwame. Tunda kason yana da ƙasa da ba a sauka, abin da ya rage a hannun mai mota shi ne darajar da aka rubuta. Motar da kasuwa ta yi wa kuɗi miliyan 10, aka rubuta mata 12, mai ita zai biya 600,000 maimakon 500,000, kuma idan an sace ta, darajar kasuwa kawai za a ba shi. Wanda ya rage darajar don ya biya kaɗan shi ma ya cuci kansa, domin kamfani na iya zaftare diyya gwargwadon abin da ya ɓoye. Da yadda faɗuwar Naira ta ɗaga farashin motoci 'yan Kwatano, darajar da aka rubuta shekara uku da suka wuce ta zama tsohon zance, sake kimantawa a kowace sabuntawa ya zama dole.

Akwai matsakaiciya tsakanin biyun, wadda ke haɗa inshorar wajibi da ta sata da gobara. Ta fi dacewa da tsohuwar motar da gyaran jikinta ba zai gagari mai ita ba, amma rasa ta gaba ɗaya zai durƙusar da shi. Kamfanoni suna kuma sauƙaƙa wa wanda ya yarda ya ɗauki kason farko na kowane gyara da kansa, da wanda ya shekara bai nemi diyya ba, da mai motoci da yawa a takarda ɗaya, muddin farashin da suka fara yankawa ya haura ƙasan da hukuma ta sa. Saboda haka neman diyyar fashewar madubi ko ɗan ƙarcen fenti sau da yawa asara ce. Doka kuma ba ta san bashi ba a wannan harka: in ba a biya kuɗin ba, babu kariya.

Ga waɗanda ke ƙyamar inshora saboda addini, akwai takaful, wanda NAICOM ke ba lasisi, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Mahalarta suna zuba kuɗi a asusu ɗaya na taimakon juna, a biya wanda ya yi asara, idan an samu rara a ƙarshen shekara a raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Rarar ba alkawari ba ce, ta danganta da yadda shekarar ta kasance.

Ita haibirid, birkinta ba ya rage kuɗin inshora kai tsaye. Farashin wajibi ɗaya ne da na kowace motar gida, cikakkiyar kuma darajar mota take bi, haibirid kuwa ta kan fi takwararta mai fetur tsada. Bugu daga baya da zai tsaya a gyaran bamba a wata motar yana iya taɓa batir a wannan, kayan gyaranta kuma ba su kai na sauran motoci yawa ba a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Inda biyun suka haɗu shi ne tuƙi: tazarar da ke ba batir caji ita ce ke hana karo, ta bar takardar mutum ba neman diyya. Kafin sa hannu, mai irin wannan mota ya nemi a nuna masa a rubuce ko babban batirin yana cikin abin da za a biya, da gareji nawa kamfanin ya amince da su masu iya aikinta, da kuma matsayin ambaliya, domin wasu takardun ba sa ɗaukar ɓarnar ruwa sai an ƙara kuɗi. Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 ta nutsar da motoci a unguwanni da dama, batirin da ruwa ya shiga kuwa galibi canji yake buƙata, ba gyara ba.